Shawara: In biya mai ɗaukar hoto jika tamanin, ko in sayi fata?

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram, shekara uku ke nan ina sana'ar jakunkunan mata da alabe da takalman fata. Ni nake zaɓen fata da launi da fasali, dukawa biyu suke ɗinka mini, sannan in tallata a WhatsApp da Facebook. Yawancin masu sayen kayana a Yamai suke, sai kaɗan a Agadas da Kano, in sun turo kuɗi in sa musu kayan a mota. A wata nakan sayar da jaka goma sha biyu, ribata a kowace ɗaya jika uku ce, wato sefa 3,000. Watan jiya wata mata a Yamai ta maido mini jaka, ta ce a hoto launin ƙasa-ƙasa ta gani, da ta kwance ƙunshi sai ta tarar da ja, na yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa. Wani mai ɗaukar hoto ya ce zai yi mini aikin yini guda, hotuna talatin har da nawa ina riƙe da jaka, a kan jika tamanin. Ƙarshen watan nan zan ɗauki adashi, jika ɗari da hamsin, wanda na yi niyyar sayen fata da shi saboda cinikin salla. Maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, kuma bai yarda fuskata ta fita a intanet ba. Ƙawata kuwa cewa ta yi in ɗauko hotunan jakunkuna daga intanet kamar yadda wasu ke yi. Tanti, kaina ya ɗaure, ki ba ni shawara.

Daga wata ƴar kasuwa a Birni.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma mayar miki da abin da kika rasa a kan jakar nan. Ra'ayina shi ne ki biya ƙwararre ya ɗauki hoton kayanki, sai dai ki rage girman aikin, ki jinkirta shi har sai sababbin kayan salla sun fito daga hannun dukawa, kuma ki bar maganar fuskarki a inda maigidanki ya ajiye ta. Ga dalilaina.

Maganar maigidanki gaskiya ce a Kasuwar Dole ta nan Damagaram, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu kayan fata ya ga yadda take tabbata. Mace za ta ɗauki jaka, kafin ta tambayi kuɗi sai ta kai ta hanci, domin fatar da ba ta jemu sosai da bagaruwa ba warinta yakan tona mata asiri. Daga nan ta juya cikinta ta dubi shafi, ta ja zik sau uku ko huɗu, ta bi ɗinkin hannun jakar da farce, wata ma har ta ɗan jiƙa ɗan yatsa ta goga a gefe ta ga ko rinin zai biyo hannunta. Sai bayan duk wannan ake fara ciniki, kuma a irin wannan wuri babu shakka kaya ne ke yi wa kansa talla, mai rumfa nasa kawai ya ce albarka ko ya sallama. To amma ke masu sayen kayanki ba sa zuwa Dole. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900, matar da ke can ba ta da hancin da zai kai nan, ba ta da hannun da zai ja zik, kuma ana so ta je wurin masu aika kuɗi irin su NITA ko Al Izza ta tura kuɗinta ga wadda ba ta taɓa gani ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma abin da ya rage mata ta riƙe shi ne hoto. Idan kin sake zama da maigida, ki fara da yarda da maganarsa, sannan ki nuna masa cewa a kasuwar waya jakarki ba ta isa gaban mai saye, hotonta ne ke isa, don haka kuɗin hoton ɗan'uwan kuɗin hayar rumfa ne.

Jakar da aka maido miki kuwa, ina kyautata zaton ba ki yi wa kowa ƙarya ba, haske ne ya yi ƙaryar a madadinki. Launin da ido ke gani a jikin kaya ya dogara ne a kan hasken da ya faɗa masa, kuma kowane haske da nasa launin. Ƙwan lantarki na ɗaki wani yana da ɗorawa-ɗorawa, wani yana da shuɗi-shuɗi, ita kuma waya takan yi ƙoƙarin gyara wannan da kanta, sau da yawa ta wuce gona da iri. Jan karan dafi, wanda dukawanmu suka daɗe suna rina fata da shi, ja ne mai zurfi, saboda haka idan aka ɗauke shi da daddare a ƙarƙashin ƙwai mai rauni sai ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa, idan kuma aka fitar da shi tsakar gida da azahar sai ƙyallin fatar ya kashe launin, inuwa mai kaifi ta rufe rabin ɗinkin. Ki gwada da kanki gobe, ba sai kin kashe ko dala ba. Ki ɗauki jakar nan da aka maido, ki goge gilashin kyamarar wayarki da gefen mayafi, ki ɗauke ta sau uku: a ɗaki da dare, a rana da azahar, sannan a bakin zaure da misalin ƙarfe takwas na safe, inda haske ke shigowa amma rana ba ta bugun kayan kai tsaye. Ki jera hotunan ukun ki nuna wa maigida, ki tambaye shi ko zai rantse jaka ɗaya ce. Gani ya kori ji.

Wannan gwajin zai nuna miki abu biyu. Na farko, rabin matsalarki za ki iya maganinta da hannunki, ta hanyar canza lokaci da wurin ɗauka. Na biyu, akwai sauran rabin da ya fi ƙarfin waya da zaure, kuma shi ne abin da za ki biya kuɗi a kansa. Mai ɗaukar hoto da ya san aikinsa yana zuwa da haskensa, yana iya daidaita na'urarsa da farar takarda ko katin toka-toka har launin da ke cikin hoto ya yi daidai da na hannu, ya kuma riƙe wannan daidaiton daga hoto na farko zuwa na ƙarshe. Yana da gilashin da zai ɗauki jaka daga ɗan nesa ba tare da ya kumbura ta ba, alhali kyamarar waya idan kika matso da ita kusa sai gaban jakar ya yi ƙiba, gefenta ya lanƙwashe, alabe ya yi kamar jakar tafiya. Yana kuma iya karkato haske daga gefe har ƙwayar fata da layin basilla su fito, wanda a kayan fata shi ne shaidar aikin hannu, kuma shi ne abin da ya raba jakarki da ta roba da ake shigowa da ita a katan.

Akwai kuma abin da ya wuce kyan hoto ɗaya ɗaya, wato tambari. Idan kin taɓa leƙa kasuwar dabbobi kin ga yadda masu raƙuma ke gane na wane da na wane ta shaidar da aka yi musu a wuya ko a cinya, tun daga nesa, ba tare da an tambayi kowa ba. Hotunan sana'a ma haka ya kamata su zama, ta yadda matar da ke wucewa cikin tallace-tallace hamsin a wayarta za ta tsaya ta ce wannan kayan ƴar Damagaram ɗin nan ne, tun kafin ta karanta suna. Abin da ke kawo haka shi ne a zaɓi bango ɗaya, haske ɗaya, tsarin ajiye kaya ɗaya, a kuma daure a kansu. A nan kina da arzikin da mai sayar da jaka a wani gari ba ta da shi, domin kina zaune a Birni, unguwar da baƙi ke zuwa takanas su kalli zanen da ke jikin gidajenta da fadar Sarkin Damagaram. Bangon jar ƙasa mai sauƙin zane ya ishe ki, ya faɗa wa mai saye inda kaya suka fito ba tare da an rubuta ba. Sai dai in gargaɗe ki, domin masu hoto suna da son ado: bangon da zanensa ya cika launi yakan cinye jakar, mai kallo ya yaba gida ya manta da kaya. Ki zaɓi wanda bai cika magana ba, kuma idan ba na gidanku ba ne a nemi izinin masu gida.

Yanzu mu zo ga lissafi, da alƙaluman da kika ba ni. Ribarki a wata jika talatin da shida ce, ke nan jika tamanin ta haura ribar wata biyu, kuma sai kin sayar da jaka ashirin da bakwai kafin ki mayar da ita. Idan aka kalle ta haka tana da nauyi. Idan kuma hotunan za su yi miki aiki shekara biyu, to kuɗin ya kama jika uku da ƴan kai a kowane wata, wato kusan ribar jaka ɗaya. Tambayar ita ce ko hotuna masu gaskiya za su ƙara miki jaka ɗaya ko biyu a wata, ko su hana a maido miki da ɗaya. Ni ina ganin za su iya, amma babu wanda zai ba ki tabbaci, kuma duk mai hoton da ya yi miki alkawarin cinikinki zai ninka, bakinsa ne kawai ke ciniki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki cire fiye da rabin adashinki a daidai lokacin da ya kamata ya zama fata. Jika saba'in da za ta rage ba za ta ɗauki nauyin kayan salla ba, kuma babu abin da ya fi ciwo kamar a yi ta aiko miki da saƙo saboda hoto ya yi kyau, ke kuma kina ba da haƙuri babu kaya. Uwar kuɗi ba a taɓa ta don talla, daga riba ake yanka.

Saboda haka ki sayi fatarki tukuna, ki ba dukawa aiki, sannan ki koma wurin mai hoton da buƙata ƙarama. Ba kya buƙatar hotuna talatin. Ki zaɓi samfuri biyar ko shida waɗanda kullum ake nema kuma kullum kina iya sake ɗinka su, domin su ne hotonsu zai daɗe yana aiki, saɓanin jakar da aka yi sau ɗaya don wata amarya. Kowane samfuri a ɗauke shi ta gaba, a buɗe shi a ɗauki ciki, sannan a matso a ɗauki ɗinki, kuma aƙalla a ɗaya daga cikin hotunan a ga jakar a hannu ko a kafaɗa domin mai saye ta gane girmanta. Wannan aikin rabin yini ne, kuma tun da kin cire hotonki kin rage yawa, kina da hujjar neman a rage kuɗi sosai. Ki tsara ranar ta faɗo kamar mako uku kafin salla, yadda za a samu lokacin talla, da na ciniki, da na motar da za ta kwashe yini guda cur kafin ta isa Yamai. Idan ranar ta zo da hazo da ƙura, ki tanadi tsumma mai laushi a kusa, domin na'ura mai kyau tana nuna ƙurar da ido ya yafe.

Wajen zaɓen mai hoton ma ki buɗe ido. Yawancin masu wannan sana'a a garinmu da biki da suna da hawan salla suka ƙware, kuma hannunsu ya saba da goge fuskar amarya a kwamfuta har ta yi sumul, da ƙara wa launi ƙarfi don leshi ya yi walƙiya. Wannan ɗabi'ar ita ce za ta kashe ki, domin idan ya goge ƙwayar fatar akuya kamar yadda yake goge ƙuraje, jakarki za ta fito kamar ta roba, idan kuma ya ƙara wa jan ƙarfi kin koma gidan jiya, sai dai wannan karon da kuɗinki kika sayi matsalar. Ki ce ya nuna miki hotunan kaya da ya taɓa ɗauka, ba na mutane ba. Idan babu, ki ba shi jaka ɗaya ya gwada, ya turo miki a waya, ki ɗora jakar kusa da wayar a bakin zaure ki kwatanta. In launi ya zo ɗaya ku yi ciniki, in bai zo ba ki yi masa godiya ki nemi wani.

Kafin ki ba da kafin alƙalami, ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai, ko da a saƙon waya ne: yawan hotuna, ranar da za a ba ki su, da cewa sauran kuɗin sai kin karɓi aiki. Ku kuma rubuta cewa kina da damar amfani da hotunan a duk inda kika so, a intanet ko a allon talla ko a takarda, ba tare da ƙarin biya ba. Mutane da yawa ba su san cewa a dokar haƙƙin mallaka wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi tun asali ba, sai abin da ya sallama, kuma a ƙasarmu akwai hukumar BNDA da ke kula da irin waɗannan haƙƙoƙi. Ki nemi ya ba ki cikakkun hotunan a katin memori, domin WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba, ingancinsa ya ragu, ko da yake tun shekarar 2023 sun ƙara maɓallin HD da ke rage wannan asara. Ranar da Allah ya nufe ki da zuwa baje kolin SAFEM na mata masu sana'ar hannu a Yamai, kika so buga babban allo, a nan za ki san amfanin cikakken hoto. Ki ce kuma ya yi miki wasu a tsaye, daidai da fuskar waya, tun da a can za su fi yin aiki. Idan ba ki koma WhatsApp Business ba ki koma, kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da farashinsu inda hoto ke zama dindindin, maimakon tallar da ake ɗorawa a status, wadda ke ɓacewa bayan awa 24 kullum kina sake ɗorawa.

Batun fuskarki ba zan tsawaita ba, domin ban ga abin jayayya a ciki ba. Maigidanki yana da ta cewa, kuma tsoronsa yana da tushe, tun da hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa, kuma babu mai iya hana wani ya ɗauke shi ya yi abin da ya ga dama. Masu hoto sukan ce mutane sun fi yarda da sana'ar da suka ga mai ita, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a kayan fata abin da ke sa yarda shi ne a ga hannu yana aiki. Hoton hannun baduku riƙe da basilla, da fatun da aka shanya bayan rini, da hannunki da lalle kina ƙulle ƙunshin da za a kai tasha, sun ishe mai saye ta san cewa akwai mutane na gaske a bayan lambar wayar nan. Ki nemi yardar dukawan kafin a ɗauke su, ki faɗa musu inda hoton zai je, kuma idan ɗaya ya ƙi kada ki matsa masa. Sauran amanar muryarki ce za ta gina ta, a saƙon da kike amsa wa mutane da shi, da cika alkawarin ranar da kika ce kaya zai iso.

Shawarar ƙawarki kuwa ki yi mata godiya ki ajiye ta. Ni kaina an taɓa yi mini haka. Na ga hoton takalmi a wurin wata mai talla, na tura kuɗi, abin da ya iso hannuna ko a mafarki bai haɗa hanya da na hoton ba, kuma daga baya na ci karo da hoton nan a shafin wani kanti na ƙasar waje. Ban yi faɗa da ita ba, amma ban sake saye ba, kuma duk wadda ta tambaye ni game da ita na faɗa mata abin da ya faru. Ke an maido miki jaka saboda bambancin launi kawai, to ina ga an gano cewa jakar da ke hoto ba ta taɓa shiga Damagaram ba? Ban da haka, hoton na wani ne, ɗaukarsa cin haƙƙi ne. Abin da ya kamata ki shirya masa shi ne akasin haka, wato ranar da wasu za su fara satar naki. Rubuta suna da lamba a gefen hoto yana taimakawa, amma ana iya yanke shi. Wanda ba ya yankuwa shi ne tambarin da ke jikin fatar, don haka ki sa maƙeri ya yi miki ɗan hatimin ƙarfe mai sunan sana'arki, dukawa su riƙa buga shi a kowace jaka a wuri ɗaya, kuma a yi wannan kafin ranar ɗaukar hoto.

Akwai sharaɗi guda da idan bai cika ba duk abin da na faɗa ya rushe. Hoton da zai yi shekara biyu yana talla alkawari ne cewa jakar da za a ɗinka baɗi za ta yi kama da wadda aka ɗauka bana. Rinin gargajiya kuwa yakan bambanta daga tukunya zuwa tukunya, kuma hannun dukawa biyu ba ya zama ɗaya. Ki ajiye jakunkunan da aka ɗauki hotonsu a gida, kada ki sayar da su, su zama ma'auni, duk sabon ɗinki a gwada shi da su kafin ki karɓa. Idan wani zubin ya fito da ɗan bambanci, ki ɗauke shi da wayarki a bakin zaure da safe, ki tura wa mai saye kafin ta biya, ki ce mata ga ainihin wadda za ta samu. Ranar da mai hoton zai yi aiki ma ki tsaya kusa ki lura da inda yake ajiye haske da nisan da yake tsayawa, ki yi tambaya, domin hotunan yau da gobe ke ce za ki ci gaba da ɗaukar su.

Matar nan ta Yamai kuma kada ki share lambarta. Idan hotunan sun fito, ki tura mata na jakar da ta maido da na mai launin ƙasa-ƙasa idan kina da ita, ki ba ta haƙuri a kan abin da ya faru, ki ce wannan karon kuɗin mota a wuyanki.